Sharhi: Matasa da Yaƙin Kawar da Yunwa a Duniya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai duba rawar da matasa ke takawa a yaƙin da duniya ke yi da yunwa, da kuma abin da ya hana wannan rawa yin armashi.

A shekarar 2015 ne ƙasashe mambobin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, na biyu daga cikinsu kuwa shi ne kawo ƙarshen yunwa kafin ƙarewar shekarar 2030. Wa'adin ya matso, amma rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona, wato FAO, ta fitar tare da takwarorinta a 2025 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a shekarar 2024, kuma fiye da miliyan 300 daga cikinsu suna nahiyar Afirka. Abin da ya fi ɓata rai shi ne duniya na noma abin da zai ishe ta. Kusan kashi 13 cikin 100 na amfanin gona yana lalacewa tsakanin girbi da kasuwa, sannan a shekarar 2022 kaɗai abincin da aka zubar a gidaje da shaguna da wuraren cin abinci ya haura tan biliyan ɗaya.

Su wa za su gyara wannan? Masu shekaru 15 zuwa 24 sun kai biliyan 1.2, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa, inda yunwar ta fi ƙamari. A ɗaya ɓangaren kuma manoman duniya suna tsufa. Ƙidayar manoma da Amurka ta yi a 2022 ta nuna cewa matsakaicin shekarun manomi a can ya kai 58, a Tarayyar Turai kuwa kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai na masu gudanar da gonaki ba su kai shekara 40 ba. Ke nan ko an so ko an ƙi, nan da shekaru ashirin abincin duniya zai dogara ne ga waɗanda a yau suke makaranta ko suke yawon neman aiki.

Hukumomin duniya sun gane hakan, kuma ya kamata a yaba musu. A 2021 aka yi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsarin samar da abinci, a shekarar ce kuma aka kafa Dandalin Abinci na Duniya a birnin Rum, inda matasa ke haɗuwa kowace shekara. A 2022 Kwamitin Wadatar Abinci na Duniya ya amince da shawarwari na musamman kan shigar da matasa harkar noma da samar musu aikin yi a cikinta. Sai dai a nan ne nake da ja. Matashin da ke iya zuwa Rum ya yi jawabi galibi mai digiri ne da fasfo da harshen waje, alhali kuwa wanda ke riƙe da fartanya ko ƙugiyar kamun kifi, ko yarinyar da ke tallar abin da aka noma, ba su ma san ana taron ba. Kujera a zauren taro tana da amfaninta, amma abin da ke tsaye a gaban yawancin matasa shi ne fili da jari da kasuwa.

Mu fara da fili. A ƙasashe da yawa matashi ba ya mallakar gona sai ta hanyar gado, gadon kuma ba ya zuwa sai gashin kansa ya fara fari, idan ya zo ma an rarraba shi tsakanin magada har ya zama ɗan ƙyalle. Ga 'ya mace lamarin ya fi muni, domin mata ba su kai kashi 15 cikin 100 na masu riƙe da filayen noma a duniya ba, duk da irin guminsu a gona. Wanda ba shi da takardar fili kuwa banki ba ya kallonsa, tun da ba shi da abin jingina, kuma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu rance, babu ingantaccen iri, babu taki, babu injin ban ruwa. Idan irin wannan matashi ya tattara ya nufi birni, sai a ce raggo ne ko yana ƙyamar noma, bayan kuwa lissafi ya yi, ya ga wahalar ta fi ribar yawa.

Akwai ƙasashen da suka nuna cewa ana iya sauya lissafin. A 2009 Brazil ta kafa dokar da ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da 'yan makaranta wajen sayen amfanin ƙananan manoma. Da doka ɗaya yaro ya ƙoshi a aji, manomi kuma ya san wanda zai sayi kayansa tun kafin ya yi shuka. Irin wannan tabbaci ne zai sa matashi ya zauna a gona, ya kuma sa mai ba da rance ya saurare shi. Haka kuma bai kamata a taƙaita maganar ga huɗa da shuka ba, domin sarrafa amfanin gona, da adana shi a ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, da jigilarsa, da isar da hasashen yanayi da farashi ta wayar hannu, duk sana'o'i ne da matasa suka fi kowa saurin laƙanta, kuma a nan ne za a toshe ɓarnar nan ta bayan girbi.

Muryar matasa ma tana tasiri idan ta nufi takamaiman abu. A watan Yunin 2020 ɗan ƙwallon Ingila Marcus Rashford, yana ɗan shekara 22, ya rubuta wa 'yan majalisar Birtaniya buɗaɗɗiyar wasiƙa kan yaran talakawa da za su rasa abincin makaranta a lokacin hutu, kuma washegari gwamnati ta janye matsayinta na dakatar da tallafin abincin a lokacin hutun. Abu ɗaya ya nema, wanda ake iya auna shi, daga hannun waɗanda ke da ikon bayarwa.

Batun ɗorewa kuwa ya fi shafar matasa fiye da kowa. Kusan kashi ɗaya bisa uku na iskar da ke ɗumama duniya daga harkar abinci take fitowa, tun daga sare dazuzzuka har zuwa kiwo da jigila, noma kuma shi ke shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa. Wanda zai yi shekara arba'in yana noma fili ɗaya shi ne ke da dalilin dasa bishiya, da tattalin ruwa, da kula da ƙarfin ƙasa. Wanda ya ari gona na damina ɗaya ba shi da wannan dalili. Don haka muke kira ga gwamnatoci da su samar da haya mai dogon wa'adi a filayen gwamnati ga matasa maza da mata, su tsaya musu a gaban bankuna, su kuma ware wa ƙungiyoyin matasa manoma kujeru masu ƙuri'a a kwamitocin da ke tsara kasafin kuɗin noma.