Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Shehin Malami, daga Kwamitin Mujallar Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Tsangaya, shugabannin sassa, iyayenmu malamai, likitoci da ma'aikatan jinya, ɗalibai, da kuma wanda dominsa muka taru a yau, babban baƙonmu Shehin Malami: lale marhabin, sannu da hanya.

Allah ya ƙara wa Shehi lafiya, ba za mu tsaya karanto maka ayyukanka ba, ka fi mu saninsu. Ranar da aka kafa kwamitin nan, sakatarenmu ya buɗe shafinka na Google Scholar, inda ake jera maƙalun malami a intanet, da niyyar ya buga jerin maƙalunka a haɗa da wannan jawabi. Takardar firinta ta ƙare, jerin bai ƙare ba. Da ya koma bayan mako guda, adadin ambaton da wasu masana suka yi wa maƙalunka ya riga ya hau, abin da ya buga ya zama tsohon labari. Sai muka haƙura. Abin da ya ishe mu shaida shi ne, duk ɗalibin da ya rubuta kundi a sashen nan kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya da intanet, sunanka na cikin manazartarsa, wani ma a shafi biyu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buƙatarmu guda ce, kuma gara mu faɗe ta tun da wuri kafin gajiyar hanya ta sauko maka: muna roƙon ka amince sunanka ya shiga kwamitin editocin mujallarmu, kafin mu miƙa takardar neman shigarta rumbun Scopus, wato babban rumbun da ke tattara mujallun ilimi yana ƙirga ambaton maƙalunsu. Duk abin da za ka ji bayan wannan, bayanin dalili ne.

Fagen nan da ka yi fice a cikinsa ya girmi yawancin waɗanda ke zaune a ɗakin nan. Tun 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiro ELIZA a jami'ar MIT ta Amurka, manhajar da ke juya maganar mutum ta mayar masa da ita tambaya, kamar likitan da ke saurare. A 2001 Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ta fito da MoodGYM, inda mai fama da damuwa zai bi darussa a kwamfuta shi kaɗai. Daga nan manhajoji suka yi ta fitowa ba adadi. Sai dai masana sun daɗe da gano inda gizo ke saƙar. A 2005 Gunther Eysenbach ya yi rubutu kan yadda mutane ke fara amfani da irin waɗannan abubuwa da zumuɗi, sannan su zube ɗaya bayan ɗaya. A 2019 Amit Baumel da abokan aikinsa suka duba manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa da ke kasuwa, suka tarar bayan kwana 30 kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai ke ci gaba da buɗe su. Wannan tambaya, me ya sa mutum ke ajiye manhajar da aka yi dominsa, ita ce ta ci maka shekaru. Mu ma ita muke bi, sai dai daga wani lungu da ba a cika leƙowa ba.

Wannan sashe ya fara da ɗaki ɗaya, teburi biyu da littafin rajista. Waɗanda suka kafa shi, wasunsu na zaune a layin gaba, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. A zamaninsu babu mai son a turo shi nan. Ɗalibin da ya zaɓi wannan fanni, abokansa kan tambaye shi ko lafiya. Amma su ne suka fara lura cewa majinyacin da aka sallama ba ya dawowa ranar da aka ba shi, kuma su ne suka fara rubuta lambar waya a gefen kati. Wata babbar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kowa a nan ya san wadda muke nufi, da wayarta da katinta take kiran majinyata kowace safiyar Litinin tana tambayar ko an sha magani, ko an samu barci. Ba ta taɓa jin sunan wannan fage na kula da majinyata ta waya da Turanci ba, amma shi take yi, shekara da shekaru kafin a kawo mana intanet a ginin nan.

Daga kiran waya muka koma saƙon tes, daga nan muka koma saƙon murya a WhatsApp, don mun ga da yawa daga cikin masu zuwa wurinmu sun fi sakewa da magana a kan rubutu. A nan ne muka koyi abubuwan da ba mu gani a manyan mujallu ba. Mun koyi cewa wayar da muke aika wa saƙo sau da yawa ba ta majinyaciyar ba ce, ta mijinta ce ko ta ɗanta, don haka kalma ɗaya da ba a auna ba tana iya tona asirin da ta ɓoye shekara biyu. Mun koyi cewa tambayoyi tara na PHQ-9, ma'aunin gwada ciwon damuwa wanda Kroenke da Spitzer da Williams suka wallafa a 2001, ba sa shiga Hausa salin alin. Kwana uku muka yi a kan tambaya ta biyu kaɗai, wadda ke tambayar halin da zuciyar mutum take ciki. Wani ya ce a sa baƙin ciki, wata ta ce ai baƙin ciki na iya zama hassada, wani ya ce damuwa, aka ce ai wanda ake bi bashi ma yana cikin damuwa. Ita kuwa majinyaciyar, in ka bar ta ta yi magana, cewa take yi tunani ya yi mata yawa, ko zuciyarta ba daɗi, ko kanta na zafi. Tambaya ta tara, wadda ke neman a ji ko mutum na ganin gara ya mutu, ita kam mun yanke ba za a taɓa aika ta a saƙo ba sai akwai ma'aikacin da zai kira nan take.

Mun san irin wannan ilimi yana da daraja in ya samu hanya. Mutanen Zimbabuwe na da kalmarsu, kufungisisa, wato yawan tunani. Likitan ƙwaƙwalwarsu Dixon Chibanda ya gina aikinsa na Friendship Bench a kan irin wannan fahimta, da dattawan mata masu sauraren jama'a a kan benci, kuma sakamakon ya fito a babbar mujallar likitanci ta JAMA a 2016. Yau duniya na ambatonsa. Namu yana nan a mujallarmu, cikin kwali, a ƙarƙashin teburin sakatare.

Shehi, a nan ne ciwon yake, ka yi mana haƙuri in murya ta ɗan hau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 970 ne ke rayuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa, wato mutum ɗaya cikin takwas, kuma mafi yawansu ba a ƙasashe masu arziki suke ba. Amma da Vikram Patel da Athula Sumathipala suka ƙirga maƙalun manyan mujallu shida na wannan fanni a 2001, kashi 6 cikin 100 ne kacal suka fito daga yankunan da ke ɗauke da sama da kashi 90 na mutanen duniya. An samu sauyi tun daga lokacin, ba mu musa ba. Sai dai mu ga abin da muka gani da idonmu. Wasu baƙi sun taɓa zuwa da takardun tambayoyi. Mu muka fassara, mu muka nemo majinyata, mu muka zauna da su har magariba, ɗalibanmu suka shigar da bayanan a kwamfuta da hasken fitilar waya. Da maƙalar ta fito, sai muka tsinci kanmu a ƙasa can, a layin godiya, an ma rubuta sunan mutum biyu ba daidai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Layin godiya ba ya shiga lissafi. Duk ambaton da maƙalar nan ta samu, ko guda bai hau kan ɗayanmu ba.

Shi kuwa lissafin nan, ka fi kowa sanin nauyinsa. Tun da Eugene Garfield ya fito da rumbun ƙirga ambato a 1964, aka samu Scopus da Google Scholar a 2004, sannan Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h a 2005, sai lamba ta zama fuskar malami. Don ɗalibanmu na aji ɗaya: wanda ma'auninsa ya kai 20, yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Mun san da sanarwar San Francisco ta 2012 da ta ce a daina auna bincike da sunan mujallar da ya fito a ciki. Magana ce mai kyau. Amma kwamitin ƙarin girma bai daina tambayar ko mujallar na Scopus ba, masu ba da tallafin bincike ma haka. Muna da malamai da suka yi furfura a kan matsayi ɗaya, ba don ba su yi aiki ba, sai don aikin ya fito a inda ba a ƙirga shi. Matasanmu masu hazaƙa kuwa sun gane, sun daina kawo mana mafi kyawun rubutunsu. Ba mu ga laifinsu ba, ko da yake kuɗin da wasu manyan mujallu ke karɓa kafin su buga maƙala ɗaya ya fi ƙarfin aljihun malami.

Dubi yadda abin ya ɗaure. Masu tantance mujallu a Scopus na duba ko maƙalun mujallar na samun ambato. Ba a ambaton abin da ba a gani ba, ba a kuma ganin abin da ba ya cikin rumbun. Suna duba ko mujalla na fita a kan lokaci, ko kowace maƙala na da take da tsakure cikin Turanci, ko akwai tantancewar masana ta gaskiya da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a. Duk waɗannan mun yi su. Mun sami lambar rajistar mujalla ta ISSN, mun buɗe shafin intanet, mun daina haɗa fitowa biyu a bango ɗaya don rufe jinkiri. Abu ɗaya ya rage wanda ba ya hannunmu: suna duba ko editoci sun fito daga wurare daban-daban, da kuma matsayinsu a fagen. Editocinmu kaf a baranda ɗaya ofisoshinsu suke. Kuma in aka mayar da takardar mujalla, sai ta jira, wani sa'in shekaru, kafin a sake sauraronta. Shi ya sa ba ma son mu miƙa ba tare da kai ba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba roƙo muke ka riƙa cusa sunayenmu a manazartarka don lambarmu ta hau ba. Wannan maguɗi ne, mu ma muna hana ɗalibanmu. Ba kuma aron suna muke nema don ado a bangon mujalla ba. So muke ka karanta. Maƙala biyu ko uku a shekara, ka sa musu jan biro yadda kake yi wa ɗalibanka. Wadda ba ta kai ba ka ce ba ta kai ba, za mu ɗauka.

Akwai wasu ƙananan buƙatu da 'yan kwamiti suka nace sai an saka. Ɗalibanmu na digiri na uku na son zaman awa ɗaya da kai kan yadda ake amsa gyaran masu tantancewa ba tare da an karaya ba. Masu kula da saƙonnin murya na neman shawara kan inda ya dace a adana su, don muryar mutum ba ta ɓoyuwa kamar suna a takarda. Janaretanmu ma yana da labari, amma Shugaban Tsangaya na nan, ya ji.

Duk waɗannan in lokaci bai ba da dama ba, mun yafe. Ta shiga kwamitin editoci ce ba za mu iya yafewa ba. A cikin jakar da aka ajiye a gabanka akwai fitowa uku na ƙarshe na mujallar, mun naɗe kusurwar shafin da ke ɗauke da muhawararmu kan tambaya ta biyu, don muna jin nan za ka fara. A samansu akwai takarda shafi ɗaya ta amincewa da shiga kwamitin editoci. Mun riga mun cike komai, wurin sa hannu kawai muka bari. Sakatare zai raka ka har mota, kuma biro na aljihunsa.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira, ya mayar da kai wurin iyali lafiya.

Wassalamu alaikum.

Shugaban Kwamiti da Sakatare,
a madadin ma'aikata da ɗaliban sashe