Kada ka zazzage iskar tukunyar nutso kafin ka ajiye ta

[Hoto: baranda a Jidda, kayan nutso jibge a ƙasa, ruwa na ɗiga]

Salamu alaikum jama'a. Yau kwana uku ana turo mini bidiyo guda a WhatsApp, har na rasa wanda bai turo ba. Wani bawan Allah ne ya dawo daga Abhur, gaɓar tekun arewacin Jidda, ya kai tukunyar nutsonsa, wato silindar iskar da mai nutso ke goyawa a baya, baranda, ya murɗe bawul, ya bar ta tana huci har ta yi tsit. Wai don kada zafin Jidda ya fasa ta a cikin gida. Yayata ma ta kira ni daga Makka, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Kai, wannan abin da kake ajiyewa kusa da 'ya'yanka ashe bam ne?" Na ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, zan yi bidiyo a kai." To ga shi.

Bari mu fara kawar da masu sauƙin, wato ajiyar sauran kayan nutso, da gudu.

Duk abin da ya shiga Bahar Maliya sai ya sha ruwan daɗi kafin ya shiga ɗaki. Gishirin tekun nan namu ya kai kusan giram 40 a lita guda, na yawancin tekuna kuwa wajen 35 ne, kuma in ya bushe a zif ko a maɓalli sai ya ƙandare. A jiƙa a baho, a ɗauraye. Rigar nutso a juya ta bai-bai, a shanya a inuwa, a rataye a hanga mai faɗin kafaɗa. Wannan ta waya da kuke gani, ta wajen mai guga, ita ke huda kafaɗar riga. Ƙafafun agwagwa, wato takalman iyo, a kwance. Tabarau a cikin akwatinsa, don kyankyasai na gwaigwayar robar gefensa, kada ku tambaye ni yadda na sani. Jaket, wadda mai nutso ke hura wa iska don ta ɗaga shi a ruwa, a ɗura mata ruwa ta tiyo, a jijjiga, a tsiyaye, a ɗan hura ta kafin a rataye. Regileta kuma, wato na'urar da ake shaƙar iskar tukunya da ita, a busar da murfinsa a toshe bakin tukuna, kuma kada yatsa ya danna maɓallin tsakiya muddin yana cikin baho.

Shi ke nan, wannan kowa ya iya. Mu zo kan tukunya.

[Hoto: tukunyar alminiyam a tsaye, agogon iska a kusa]

Da farko, abin da ke ciki iska ce zalla, irin wadda kake shaƙa yanzu kana kallona. Mutane suna haɗa ta da tukunyar gas ta kicin, shi ya sa gabansu ke faɗuwa. Wannan ba ta kama wuta. An dai matse ta ne. Tukunyar da aka fi gani a jiragen ruwanmu ta alminiyam ce mai lita 11, ana cika ta zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), wato iska sama da lita 2,000 aka cusa a wannan ɗan wurin. Tayar motarka bar 2 da ɗoriya take ɗauka. Saboda haka tsoron mutumin nan ba na banza ba ne, lissafinsa ne ya kuskure.

Ga lissafin. Ka cika tukunya zuwa bar 200 a wuri mai zafin digiri 25. Ka manta ta a but ɗin mota da tsakar rana har ta kai digiri 65. Allurar agogo za ta hau zuwa wajen bar 227. Ita kuwa tukunyar, ranar gwajinta sai an matsa mata bar 300 ko fiye kafin a buga mata hatimi. Kun ga akwai tazara. Sannan tukwane ƙirar Amurka suna da wani ɗan faifan ƙarfe a jikin bawul, ga shi nan inda nake nunawa, wanda aka yi shi don ya fashe ya saki iskar kafin jikin tukunyar ya ji a jikinsa. Ban ce ka bar ta a mota ba. Garin da zafinsa ya taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010 ba a wasa da but ɗinsa, robobin bawul da na regileta su ne za su fara gaya maka. Amma ɗakin da kai kanka kake iya kwana a cikinsa, tukunya ba ta da matsala da shi.

To mene ne laifin zazzagewa? Nan nake so ku tsaya, ku ajiye cokalin.

Iskar da injin shago ke ɗurawa busasshiya ce. An tace ta, an cire mata danshi kafin ta shiga. Muddin akwai sauran matsi a cikin tukunya, ko kaɗan ne, hanya ɗaya ce: iska tana iya fita, babu abin da zai iya shiga. Matsin nan shi ne maigadin ƙofa. Ranar da ka zazzage ta ƙaf, ciki da waje sun yi daidai, maigadi ya tafi gida. In bawul bai rufu sosai ba, ko an bar shi a buɗe kamar yadda ɗan'uwanmu ya yi a bidiyon, sai tukunya ta fara numfashi. Rana ta yi zafi, iskar ciki ta buɗe ta fita. Dare ya yi ko an kunna na'urar sanyaya ɗaki, ta tsuke ta zuƙo ta waje. Iskar wajen wace iri ce? Ta Jidda. Wadda in ka fito daga mota da daddare a watan Agusta gilashin idonka ke rufewa da hazo kafin ka taka sau uku.

[Hoto: kwalbar ruwan sanyi a kan tebur, raɓa na gangarowa]

Kun ga kwalbar nan? Abin da ke faruwa a bayanta shi ke faruwa a cikin tukunyarka, sai dai can ba mai gani balle ya goge. Raɓa ta taru, ta gangara ƙasa, ta zauna. In tukunyar ƙarfe ce, tsatsa ta fara ci. Randa aka sake cika ta kuma, iskar da aka matse tana ƙara wa tsatsar sauri. In ta alminiyam ce, wani farin gari za ka gani kamar an barbaɗa alli, da ƙananan ramuka a bangon ciki. Garin nan ba ya zama wuri ɗaya. Yana bin iska ya toshe matatar regileta, kai kuma kana mita 20 a ƙarƙashin ruwa kana mamakin me ya sa numfashi ya yi nauyi.

Akwai ƙari. Sakin iska da ƙarfi yana sanyaya bawul ƙwarai, ku koma bidiyon ku duba wuyan tukunyarsa, ya jiƙe sharkaf. Wato tun kafin ta yi shiru ya riga ya tara mata ruwa a bakin ƙofa.

Ni ma na taɓa cin wannan wake. Wani ɗan yayana ya ari tukunyata, ya dawo da ita babu ko bar ɗaya, ni kuma ban duba ba na jingine ta wata biyar. Da na kai shago, mai injin ya sa agogo, ya kalle ni, ya ce ba zai ɗura ba sai an kwance bawul an leƙa. Haushi ya kama ni, na ɗauka neman riyal ne kawai. Ya zura 'yar fitila ya ce in leƙa da kaina. Na leƙa. Na biya kuɗin wanki ban ƙara cewa uffan ba.

Nawa za a bari? In ajiyar za ta daɗe, bar 30 zuwa 50 ya isa, wato wajen inda jan layin agogo ya fara. In mako mai zuwa za ka koma ruwa, bar ta a cike abinta. Abin da masu gwajin tukwane ba sa so shi ne rabi da rabi: in gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye, alminiyam na iya laushi kafin matsin ya kai inda faifan nan zai fashe. In kuma iskar ta shekara a ciki, ni dai ba na shaƙarta, shago nake kaiwa a canza.

[Hoto: kusurwar ɗaki, ana ɗaure tukunya da bel]

Wurin ajiya kuma. A tsaye, saboda in ma akwai ɗigon ruwa ya sauka a gindi, inda ƙarfen ya fi kauri. A ɗaure ta da bel a jikin bango, don kilo 14 da wani abu ba abin da zai faɗo wa yaro a ƙafa ba ne. A sa katako ko roba a ƙarƙashi. Ba saman bene ba, ba kusa da murhu ba. A mota kuwa a kwance take tafiya, a tare ta kada ta yi ta birgima.

Ku matso da ido nan, kafaɗarta. Waɗannan lambobin da aka buga su ne wata da shekarar gwajin ƙarshe. Ka'idar Amurka, wadda irin wannan tukunyar ke bi, gwajin matsi duk shekara 5, leƙen ciki kuma masu sana'ar sun saba yin sa duk shekara. Tawa saura wata bakwai.

Ga agogo, bar 40. Na rufe bawul, na sa murfi. Yaya, in kina kallo, ga ta nan a ɗaure bayan ƙofa, kuma makullin ɗakin yana aljihuna.