Darasin Lafiyar Mata: Abin da Ya Haɗa Nono da Jinin Al'ada

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana mata, na cikin garin Tawa da masu jinmu daga Keita, Buza har Madawa. Barkanmu da warhaka. Yau za mu amsa tambayar da ake yawan yi mana a wurin awo: me ya sa mai shayarwa take daɗewa ba ta ga jininta ba?

Ku taɓa tsakanin girarku. Can ciki, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Lokotoro suna ce mata ipofiz da Faransanci. Ni maɓuɓɓuga nake ce mata, don sinadarai take tsatsowa kai tsaye cikin jini. Irinta suna da yawa a jiki. Akwai ta wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, shi ya sa ake nacin gishiri mai aidin. Akwai kuma gidajen ƙwai guda 2, dama da hagun mahaifa, kowanne kamar ƙaramin dabino.

To, wannan ta kai ita ce uwargida. Kowane wata takan aika saƙo gidan ƙwai, ƙwai ya nuna, ya fito kamar kwana 14 kafin jini na gaba. Gidan ƙwan kuma ya fitar da nasa sinadaran, estirojin da furojestaron, su shimfiɗa wa mahaifa shimfiɗa. In ciki bai shiga ba, shimfiɗar ta zube. Jinin al'ada ke nan. Daga kwana 21 zuwa 35 tsakanin jini da jini duk lafiya ne, kada wata ta tayar da hankalinta don nata bai yi daidai da na maƙwabciya ba.

Yanzu ku saurara da kyau. Duk lokacin da jariri ya kama nono, saƙo yana hawa zuwa kai. Sai uwargidan nan ta saki furolaktin, mai haɗa nono, da ositosin, mai matso shi. Ositosin ɗin ne ke matse mahaifa, shi ne ciwon marar da mai jego ke ji idan tana shayarwa a kwanakin farko. Furolaktin kuma, idan ya yi yawa, yakan tare saƙon da ke zuwa gidan ƙwai, sai jini ya jinkirta.

Amma fa dogaro da shayarwa don hana ɗaukar ciki yana da sharaɗi: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, jini kuma bai dawo ba. Na san zafin watan Afirilu a Adar, na san kaka za ta ce a ɗura masa ruwa. Inna, ki yi haƙuri, nono kusan dukansa ruwa ne. Da an fara ba shi ruwa ko koko, tsotso ya ragu, ƙwai na iya fita tun ba a ga jini ba. Haka ake samun kwanika.

Sai abu guda da ba a cika faɗa ba. Matar da ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, maɓuɓɓugar nan tana iya rasa jinin da ke ciyar da ita, ta lalace. Sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, kasala da jin sanyi su yi mata yawa. A gida sai a ce iska ce, ko kambun baka, a yi ta hayaƙi. Ku kai ta likita, ku faɗa wa ungozoma labarin jinin nan tun daga farko. Akwai magungunan da ke maye gurbin sinadaran da ta rasa, kuma a nan Tawa muna da cibiyar kula da uwa da yaro.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi maganar farin ruwan da ke fitowa daga bakin mahaifa, wanne ne na lafiya, wanne ne na sanyi. Ku aiko da tambayoyinku.