Fijo, indomin mota da tuwon rana: laccar wani mai son mota

(Daga rikodin na waya aka rubuto, kusan yadda ya faɗa.)

Assalamu alaikum. Yauwa, na baya ku ɗan matso don Allah, muryata ba ta da ƙarfi. Ni dai ba bakanike ba ne ba kuma direban haya ba, son mota ne kawai Allah ya jarabce ni da shi tun ina yaro, in mota ta wuce ta layinmu ko ban leƙa ba da jin kukan injin zan gaya maka Fijo ce ko Boswaja. An ce in yi magana kan mota da tuƙi, na ce to sai dai a bar ni in haɗa da abinci, don ni a wajena ba sa rabuwa.

Bari in fara da Fijo 504, don a cikinta na tashi. Mahaifina Allah ya jiƙansa yana da ita fara, haɗin Kaduna, wannan masana'antar ta Kakuri da ta fara aiki a 1975. Ita 504 a Faransa tun 1968 ta fito, can sun daɗe da daina yinta amma mu nan ana ta haɗa ta har bayan shekarar 2000, kuma ba kyau ne ya sa ba, a'a, motar ta ɗaga daga ƙasa, tayoyin baya ke tura ta, ka loda mata buhun masara da yara da akuya ta shiga hanyar ƙauye ko a jikinta. Na tuna wata rana ta mace mana tsakanin Zariya da Funtuwa, Baba ya naɗe hannun riga ya kwance kafireta ya wanke da fetur a murfin kwanon abinci, ya hura da baki ya mayar, ya ce ku tura. Muka tura ta tashi. Shi kenan fa, ba kwamfuta ba komai.

Shi ya sa har gobe in yaro ya zo ya ce Yaya wace mota zan saya, ba na tambayarsa launi, ce masa nake in ta lalace za ka samu kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka? Bakaniken ƙarƙashin bishiya ya san cikinta? In amsar a'a ce to ka sayo wa kanka ciwon kai. Kuna gani Golf 3 da Sharon sun ƙi barin tasha, Corolla kuma kowa na rububinta, ai ba banza ba. Ni kaina Corolla ba ta burge ni, tuƙinta kamar tuwo ba miya, amma ba za ta kunyata ka gaban surukai ba.

To amma su ma bakanikan namu, Allah ya bar mu tare, akwai inda muke faɗa. Motar Kwatano ta sauka, kafin ka yi sati wani zai ce maka oga a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka dairek. Ni an yi min, ban ma sani ba sai da na ga allurar zafi ta ƙi hawa kuma mota na shan mai kamar raƙumi. Shi tamostat ɗin nan aikinsa ya riƙe injin a daidai zafin da yake so, in ka cire injin ya yi ta aiki da sanyi yana zuƙar mai, a wannan marra da tun 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi kowa ke lissafin lita kamar mai awon gero. Haka baƙin mai, kowace mota sai a ɗura mata mai kauri 20W-50, alhali da yawa in ka duba murfin an rubuta 5W-30 ko makamancinsa. Ka duba mana, karatu ne na minti ɗaya.

Sai indomi. Kar ku yi dariya, ba ta mai shayi nake nufi ba, akwai wani abu a jikin salansa mai tace hayaƙi, cikinsa ƙananan ramuka kamar taliyar da ba a dafa ba shi ya sa ake ce masa indomi. Akwai ƙarafa masu tsada a ciki, shi ya sa ake fafe shi a sayar a bar ka da salansa fanko tana ƙara tana wari. In za ka sayi mota ka durƙusa ka leƙa. Kana durƙushen nan kuma ka duba taya, akwai lamba huɗu a gefenta, in ka ga 2319 to sati na 23 ne na shekarar 2019, taya tana tsufa ko zanenta bai cinye ba, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta san sabo ba.

Yanzu abinci. Wallahi jama'a abin da ya fi ba ni tsoro a hanya ba rami ba ne, direban da ya ƙoshi ne. Ka tsaya da azahar ka nannaɗi tuwon shinkafa miyar kuka ka kora da fura mai sanyi, ka kunna esi ka hau miƙaƙƙen titin Kano zuwa Zariya, kai ɗan uwa gyangyaɗi na nan zaune a kujerar mai zaman banza yana jiranka. Ya taɓa kama ni, ƙarar tsakuwar gefen titi ce ta farkar da ni, na faka jikina na rawa, tun ranar na sauya. Da safe ƙosai da koko kaɗan, a hanya sai kilishi ko gyaɗa ko dabino, abin da baki zai yi ta motsi dai, da ruwa. Balangu kam ina so amma sai na isa, a yanka min da albasa da yaji da yawa a takarda, in zauna a kan bonet yana ɗumi-ɗumi. Garau-garau kuwa da mai da yaji, wannan sai ranar da makulli ke hannun wani.

Wani ya ɗago hannu, na'am Malam? Otomatik ko manuwal? Ai ni manuwal nake so har raina, amma ka shiga cunkoson Kantin Kwari da yamma ƙafarka na kan kuloci awa guda, ka dawo ka sake tambayata. To na ga an shigo da shayi, a fara miƙa wa dattawan gaba.