Kwana a ƙaramin otal na bakin teku: abin da ma'aurata za su duba

Ƙaramin otal na bakin teku, irin wanda miji da mata ke nema don su keɓe su huta, ɗakunansa ba su cika wuce 10 zuwa 20 ba, kuma da wuya a samu biyu iri ɗaya. Sau da yawa tsohon gida ne aka gyara. Wannan ɗaki barandarsa na kallon ruwa, wancan tagarsa na kallon bayan kicin. Don haka kada ku ce a ajiye muku ɗaki kawai, ku ce ɗaki kaza kuke so.

Ku karanta tallar da kyau. Idan an rubuta ana hango teku daga gefe, to sai kun fita baranda kun karkata wuya kafin ku ga ruwa. "Kusa da teku" kuwa yana iya zama tafiyar minti 15, da babban titi a tsakani. Ku nemi a turo muku hoton da aka ɗauka daga tagar ɗakin, ku tambayi hawa na nawa ne da inda ya fuskanta. Mai son kallon faɗuwar rana a kan ruwa, sai gaɓar da ke kallon yamma. A gaɓar gabas fitowarta za ku gani.

Ga abin da mutane ke mantawa: ɗakin da ya fi ganin teku shi ne kuma ya fi jin hayaniyar titin shaƙatawa, da kiɗan gidajen abinci har tsakar dare, da motar shara da asuba. Hawa na biyu ko na uku ya fi shiru, sai dai tsofaffin gidaje ba su cika samun lifta ba, ku rage kaya.

Da kun shiga, kada ku yi saurin buɗe akwati. Iskar teku na ɗauke da gishiri da laima. Ku shinshina ɗakin, ku ɗaga labule, ku leƙa cikin kabad da kusurwar banɗaki. Baƙin ɗigo-ɗigo a bango funfuna ce, kuma turare ba ya kashe ta. Ku kunna na'urar sanyaya ɗaki, ku buɗe famfon ruwan zafi, ku gwada makullin baranda, domin tsatsa kan cinye shi. Canjin ɗaki ya fi sauƙi a awar farko, tun ba a ba wani baƙo wanda ya rage ba.

Yawanci ana ba da ɗaki ƙarfe 2 ko 3 na rana, a fita 11 ko 12. Ba lallai ne a samu ma'aikaci da dare ba, in za ku makara ku sanar. Farashi mafi sauƙi galibi shi ne wanda ba a mayar da kuɗi in an fasa.

Sai teku, kuma nan ne ba wasa. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu a rana, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin na ƙara jinkirin kusan minti 50 kullum. Lungun duwatsun da kuka shiga da ƙafa don ku kaɗaita, ruwa na iya rufe muku hanyarsa. Ku tambayi jadawalin cikar ruwa tun da safe.

Jar tuta na nufin kada a shiga ruwa. Inda ake da masu ceto, tsakanin tutoci biyu masu ja da rawaya ake iyo. Ku kiyayi wurin da ruwa ya yi duhu ya kwanta tsakanin igiyoyi masu fashewa. Ido na ganinsa lafiya lau, alhali ta nan ruwa ke komawa teku da ƙarfi. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi: ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, in yana iyawa ya yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan.

Sanyin iska kuma yana ɓoye zafin rana. Ku shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama (lambar ƙarfin kariya da ke jikin kwalbar), ku sake bayan awa 2 da kuma duk lokacin da kuka fito daga ruwa.