Kitso da Lasisi: Gwagwarmayar Makitsa Baƙaƙen Fata a Amurka

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron mata masu sana'ar hannu. An rage gaishe-gaishen farko da wuraren da aka maimaita magana.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya shugabar taro, iyayenmu da ke layin gaba, 'yan uwana mata, da 'ya'yanmu da ke can baya, barkanmu da warhaka. An raɗa mini cewa abinci yana hanya, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Yau Amurka za mu je, amma kan sana'ar da kowa a ɗakin nan ya sani, wato kitso. A nan wajenmu yarinya tana koyon kitso a kan ƙanwarta, ko a gindin makitsiyar unguwa tana miƙa mata kibiya da man kitso. Kafin ta kai shekara 15 ta iya shuku, ta iya kalaba, ta iya zane. To a jihohin Amurka da yawa, shekaru masu yawa, idan mace ta karɓi kuɗi a kan wannan aikin ba tare da lasisin gyaran gashi da kwalliya ba, ta karya doka. Ana cin ta tara, ana rufe mata shago, akwai ma wadda aka sa wa ankwa.

Ku fara fahimtar yadda lasisin yake. A Amurka kowace jiha ita ke da ikon tsara sana'o'in cikinta, kuma kowace tana da hukumar masu gyaran gashi. Wani rahoto da fadar White House ta fitar a 2015 ya nuna cewa a shekarun 1950 kusan kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar ne ke buƙatar lasisin jiha kafin su yi aiki, amma a lokacin rahoton abin ya kai wajen kashi 25. Likita da mai haɗa magani, wannan kowa ya yarda. Sai dai abin ya yi ta faɗi har ya iso kan makitsiya. A da, a birnin Washinton da jihar Misisifi da Mizuri sai makitsiya ta yi awa 1,500 a makarantar kwalliya. A Kalifoniya awa 1,600 ne a wancan lokacin, a Yuta 2,000, a Ayowa 2,100. Ku lissafa: awa 1,500, idan mace tana zuwa aji awa 40 a mako, wata tara ke nan ba ta sana'a, ga kuɗin makaranta na dubban daloli. Kuma me za a koya mata? Rina gashi, miƙar da shi da sinadari, aski, gyaran farce. Kitson da ta zo dominsa ba ya cikin manhajar yawancin makarantun, domin lokacin da aka rubuta dokokin ba da gashin baƙar mace aka yi lissafi ba. Dokar Washinton tun 1938 take. Kamar a ce wa mai ɗinkin hula sai ta yi wata tara a garejin kanikawa kafin a bar ta ta riƙe allura. (Dariya.)

A Washinton ɗin aka fara ja. Wani mutum, Taalib-Din Uqdah, da matarsa Pamela Ferrell suna da shagon kitso mai suna Cornrows & Co. tun 1980. Suna biyan haraji, suna koyar da mata, suna ɗaukarsu aiki. Hukuma ta zo ta ci su tara. A 1991 wata sabuwar ƙungiyar lauyoyi, Institute for Justice, ta ɗauki ƙararsu kyauta, ita ce ma ƙara ta farko da ƙungiyar ta shigar. Kafin shari'a ta kai ƙarshe, majalisar birnin ta gyara dokar a 1992. Ku riƙe wannan, domin za mu sake ganin irinsa.

Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Isis Brantley ta birnin Dallas a jihar Taksas. A 1997 'yan sanda suka shiga shagonta suka kama ta, laifinta kitso ba lasisi. Ta yi shekara goma tana fafutuka, sai a 2007 jihar ta ware wa makitsa nasu lasisin na awa 35. To madalla. Amma da ta ce za ta koyar da waɗannan awowi 35 a makarantarta, sai aka ce a'a, sai makarantar ta cika sharuɗɗan kwalejin aski: faɗin wuri ƙafa 2,000 murabba'i, kujerun aski goma, da wurin wanke kai guda biyar. Ku dubi abin da kyau. Mace ce da kayan aikinta ba su wuce mataji da yatsunta ba. Ba ta aski, ba ta wanke wa kowa kai, masu zuwa da wankakken kansu suke zuwa, kamar yadda ake yi a nan. Amma sai ta ja famfo biyar ta jera kujeru goma da ba wanda zai zauna a kansu. Ita kanta kuma sai ta koma aji ta zama malamar aski. A 2013 ta kai ƙara kotun tarayya, a watan Janairun 2015 alƙali ya ce waɗannan sharuɗɗa ba su da ma'ana, sun saɓa wa tsarin mulki. A watan Yunin shekarar gwamnan jihar ya sa hannu a dokar da ta cire kitso daga lasisi ɗungurungum. Daga kamu zuwa wannan rana shekara 18.

Yanzu tambayar da ta kawo mu: a cikin waɗannan shekaru, wane irin taimako ne ya yi aiki?

Na san abin da ke fara zuwa zuciyarmu idan an ce a taimaki mai sana'a: a saya a wajenta, a haɗa mata jari. Wannan yana da kyau, kuma an yi shi. Matan Afirka ta Yamma da ke kitso a unguwar Harlem ta birnin Niyok, 'yan Senegal da Mali da Gini da Kodebuwa, da adashi da yawansu suke kama hayar kujera ko shago, wadda ta riga zuwa ta sauki baƙuwa ta nuna mata gari. Amma adashi ba ya hana jami'in hukuma shigowa. Mace tana iya cika shago da masu jiran layi, gobe a manna mata takarda a ƙofa. Saboda haka da yawa suka koma kitso a cikin gida a ɓoye, ba allon talla, ba bashin banki, ba damar ɗaukar yara aiki a fili. Sana'ar tana ciyar da gida, amma ba ta girma. Taimakon da ya canza al'amarin shi ne wanda ya bi matsalar zuwa inda aka ƙulla ta, wato majalisar jiha.

Misisifi ce ta fi nuna wannan. Melony Armstrong ta garin Tupelo ta samu ta buɗe shagonta da wani lasisi na gyaran gashin kanti mai awa 300, wanda shi ma ba ruwansa da kitso. Da ta so koyar da wasu, aka lissafa mata awa 3,200. A 2004 ta shigar da ƙara tare da waɗancan lauyoyi, amma ba ta zauna jiran alƙali ba. Ta riƙa tuƙa mota zuwa Jackson, babban birnin jihar, tana bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya tana yi musu bayanin mene ne kitso, domin da yawansu ba su taɓa zama sun ga ana yi ba. A 2005 aka canza doka. Makitsiya za ta yi rajista da ma'aikatar lafiya, ta biya dala 25, ta amsa 'yan tambayoyi kan tsabta, ta kafe ƙa'idojin tsabtar a bangon shago. Shi ke nan.

Ga sakamakon. Wani bincike na ƙungiyar lauyoyin ya nuna cewa a 2012 Misisifi tana da makitsa masu rajista sama da 1,200. Maƙwabciyarta Luwiziyana, wadda ta fi ta yawan baƙaƙen fata amma take neman awa 500, tana da 32 kacal. Kada wani ya ce mini matan Luwiziyana ba sa kitso. Suna yi, a bayan labule.

Kotu kuwa ba kullum take ba da gaskiya ga mai ita ba. A Kalifoniya an yi nasara a 1999 a ƙarar Dakta JoAnne Cornwell. A Yuta ma Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo da ta iya kitso tun tana yarinya, ta yi nasara a 2012. Amma a Mizuri, Ndioba Niang da Tameka Stigers sun faɗi a kotun farko, suka ɗaukaka ƙara, a farkon 2018 suka sake faɗuwa. Alƙalai suka ce ko da dokar ta yi wa makitsa yawa, majalisa tana da hurumin yin ta. A shekarar nan dai majalisar jihar ta sauke sharaɗin, ya koma rajista da kallon bidiyon horo na 'yan awowi. Abin da lauya ya kasa samu a gaban alƙali, hayaniyar jama'a da jarida da zirga-zirgar mata a majalisa suka samo shi. Yau jihohi fiye da 30 ba sa neman lasisi a kan kitso.

Wani zai ce, to su wa ke adawa, tunda abin a fili yake? Ruwa ba ya tsami banza. Makarantun kwalliya da waɗannan awowi suke cin abinci, kuma a jihohi da yawa masu lasisin da masu makarantun su ne ke zaune a hukumar da ke tsara sana'ar. Sannan, kuma wannan sai mu faɗa ko da ba daɗi, cikin masu adawar akwai baƙaƙen mata masu shagon gyaran gashi. Hujjarsu ita ce: ni na ci bashi na yi awa 1,500, don me wata za ta buɗe shago kusa da ni da dala 25? Ina jin zafinta, wallahi. Amma wahalar da aka ɗora mata ba bisa ƙa'ida ba, maganinta a sauke wa kowa, ba a ɗora wa ta bayanta ba.

Mu a nan ba a neman lasisin kitso, alhamdu lillahi. Amma mai haɗa man shafawa da sabulu ta san zancen lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, mai son buɗe asusun kasuwanci ta san rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, 'yan fim da mawaƙa a Kano sun san Hukumar Tace Fina-finai. Ban ce a soke ko ɗaya ba. Abin da nake so ƙungiya irin taku ta ɗauka shi ne tambayar da matan can suka riƙa yi wa kowane sharaɗi: wace cuta wannan yake karewa? Idan akwai amsa, a bi, a kuma taimaki ƙanana su cika shi. Idan babu, a rubuta, a sa hannu, a tafi da yawa wajen wanda ke da ikon gyarawa. Zan tsaya nan, na ga Hajiya tana duba agogo.

Tambaya daga wata mahalarciya: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni makitsiya ce. Gaskiya ina ganin mata da gaban goshinsu ya cinye saboda jan kitso, ina ganin yara da makero. Idan an cire lasisi gaba ɗaya, wa zai kare mai zuwa kitso?

Amsa: Amin, 'yar uwa, kuma kin taɓo inda ya dace. Cutarwar gaskiya ce. Kitso mai tsauri, musamman da ƙarin gashi mai nauyi, yana cinye gaban goshi, likitocin fata sun san wannan sarai, kuma idan aka daɗe ana yi gashin ba ya dawowa. Mataji ɗaya a kai goma ba wanki yana yaɗa makero da ƙwarƙwata. Amma duk abin da makitsiya ke buƙatar sani a nan ana iya koyar da shi a yini ɗaya ko biyu: wanke hannu tsakanin kai da kai, tsoma mataji da kibiya a ruwan kashe ƙwayoyin cuta, gane kan da ke da ƙuraje ko gyambo a ce wa mai shi ta fara zuwa asibiti, da sassauta hannu a gaban goshi, musamman ga yara. Shi ya sa Misisifi ba ta saki abin haka kawai ba, ta mayar da shi hannun ma'aikatar lafiya. A Niyok kuma, inda har yanzu ake neman awa 300, babbar matsalar matanmu ita ce harshe, domin mai jin Wolof ko Bambara ko Fulatanci da ɗan Faransanci za a zaunar a ajin Turanci. Wata ƙungiyar baƙi 'yan Afirka a can, African Communities Together, ta ɗauki wannan batu tana bi. Ku ma nan kuna iya gayyato ma'aikaciyar jinya ɗaya ta yi wa makitsan unguwa wannan darasi da Hausa, ku buga ƙa'idojin a takarda guda kowa ta kafe a inda take aiki. Sai tambaya ta gaba, Hajiya mai koren mayafi.