Jawabin Maraba Ga Mai Girma Bishop Matthew Hassan Kukah

Ranku ya daɗe Baba Bishop, limamanmu, shugabannin Zumuntar Mata, matasa da maƙwabtanmu Musulmi da suka amsa gayyata, barkanku da zuwa. A madadin majalisar ikilisiya nake cewa Baba, sannu da hanya, lale marhabin.

Ba baƙo muka tara ba yau. Ɗan Anchuna ne daga ƙasar Ikulu a Zangon Kataf, wanda ya yi karatu a makarantar horon limamai ta St. Augustine da ke Jos, aka keɓe shi Fada a Disambar 1976, ya kuma hau kujerar Bishop na Sakkwato a 2011. Amma Baba, da yawanmu a takarda muka fara saninku, tun kafin mu ga fuskarku.

A ɗan ɗakin karatun da za ku sa wa albarka anjima, akwai littafinku na 1993 kan addini, siyasa da mulki a Arewacin Najeriya, wanda ya samo asali daga binciken digirinku na uku a Landan. Kwafi ɗaya tak gare mu. Bangonsa ya yage, an liƙe da salatif, gefen shafuka duk zanen biro. Ni dai in na ga littafi ya tsufa haka, raina fari yake yi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2011. Kun kasance mamba a kwamitin Mai Shari'a Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam, kuka zauna kuna sauraron matan da aka kashe wa mazaje, da mutanen Ogoni, da waɗanda suka sha azaba a gidan yari zamanin soja. Gwamnati ba ta fitar da rahoton ba. Ku kuwa kuka ɗauki alƙalami, kuka rubuta abin da kunnenku ya ji don kada kukansu ya bi iska. A wurina wannan ma aikin limanci ne.

Roƙonmu ɗaya ne, Baba. Iyayenmu mata da ke zaune a benci na gaba da Hausa suke addu'a, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki. A taimaka a mayar mana da ko ɗaya daga cikin littattafan nan zuwa Hausa, su ma su karanta da kansu.

Yanzu Zumuntar Mata za su tashi su yi muku waƙar maraba. Allah Ya ƙara lafiya.